Idan Maigadi Ya Canja Ubangida: Manhajar Kyauta da Sirrinka

(Taken shiri)

Wannan filinmu ne na faɗakarwa kan fasahar zamani, daga nan Abuja.  

Yau za mu taɓa 'yan manhajojin nan na kyauta da ake zuba mana a kwamfuta da waya don su binciko ƙwayar cuta, wato bairos, ko su share tarkace. Wanda ya taɓa sayen laftof a Banex da ke Wuse 2 ya san yadda ake yi. An gama ciniki, sai yaron shago ya ce, "Alhaji, bari in sa maka manhajoji." Ya zura filashi, kafin ka gama ƙirga canjinka ga su nan sun jeru a fuskar kwamfuta: ta bairos, ta shara, ta ƙara sauri. Gyara ce, ba ka biya ko sisi ba, har godiya ka yi. Haka abin yake a shagunan buga takardu, inda filashin mutum ɗari ke shiga kwamfuta ɗaya, dole a nemi abin da zai tsare ta.

To ga tambayata. Manhajar nan da ke zaune a kwamfutarka shekara da shekaru, ta waye a yau? Ban ce wa ya ƙirƙire ta ba. Na ce a hannun wa take yau?

Ga dalilin tambayar. Manhajar binciken cuta ba kamar sauran manhajoji take ba. Ta lissafi ba ruwanta da hotunanka, ta kallon bidiyo ba ruwanta da wasiƙunka. Amma wadda za ta nemo ɓarawo dole a buɗe mata ko'ina. Tana duba kowane fayil, tana ganin duk abin da ke aiki a ɓoye, wata ma tana bin kowane shafin intanet da ka buɗe don ta gaya maka ko akwai haɗari a ciki. Maigadi ce da ka damƙa wa makullan gidanka gaba ɗaya, har na ɗakin uwargida, saboda ka yarda da wanda ya kawo maka shi. Sai aka wayi gari an sayar da kamfanin da ya turo shi. Fuskarsa ba ta canja ba, kakinsa bai canja ba, makullan suna nan a aljihunsa, amma wanda yake kai wa rahoto da yamma wani ne daban, kuma ba wanda ya zo ya tambaye ka ko ka amince.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Bari in ba ku wani labari.

Akwai wani ɗan ƙasar Holan mai suna Merijn Bellekom. Ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja ya sa mata suna HijackThis, ya sake ta kyauta. A farkon shekarun 2000 masu gyaran kwamfuta a duniya sun riƙe ta hannu bibbiyu. Ita ba ta yanke hukunci, ba ta cewa wannan cuta ce, wancan ba cuta ba ce. Aikinta kawai ta leƙa cikin kwamfuta ta fito da dogon rahoto: ga abin da ke tashi idan an kunna, ga abin da ya maƙale a jikin burauza, ga abin da aka sauya a saiti. Sai ka kai rahoton wurin wanda ya sani, ya ce maka goge wannan, bar wancan. Rahoton yana hannunka, kai ke zaɓar wanda za ka nuna wa.

A 2007 kamfanin tsaro na Trend Micro, mai hedikwata a Tokyo ta ƙasar Japan, ya saye ta. Ya bar ta kyauta yadda take, amma sabon zubin ya zo da wani maɓalli wanda in ka latsa, rahoton kwamfutarka zai tafi wurin kamfanin, a kwatanta shi da na sauran mutane. Nan fa aka fara ƙorafi. Abin da ya dami jama'a ba wai an kama kamfanin da laifi ba ne. Abin da ya dame su shi ne, a da amanar tana hannun mutum ɗaya da suka san halinsa, yanzu ta koma hannun kamfani mai masu hannun jari da ke jiran riba. A 2012 kamfanin ya buɗe asalin rubutun manhajar ga kowa, mai iyawa ya duba abin da ke ciki.

Wani zai ce, to mene ne a cikin rahoton kwamfuta? Ai ba hoto ba ne, ba lambar asusu ba ce. Malam, zauna ka karanta guda ɗaya. Sunan da ka sa wa kwamfutarka yana fitowa a adireshin fayiloli, kuma yawancinmu sunanmu na yanka muke sawa. In ta ofis ce, sau da yawa sunan ma'aikatar yana ciki. Jerin manhajojinka kaɗai ya isa a san ko kai akanta ne, ko lauya, ko ɗan jarida, a san kana cinikin kuɗin intanet ko ba ka yi. Sannan rahoton yana nuna wace manhaja ce ta tsufa ba a sabunta ta ba, kuma mai kutse ba abin da yake nema kamar wannan, don ta nan ne ƙofa take a buɗe.

Me zai sa kamfani ya zuba kuɗi ya sayi abin da ake rabawa kyauta? Hausawa sun riga sun ba da amsa: banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba manhajar kaɗai ake saye ba, da mutanen da suka yarda da ita ake haɗawa. Miliyoyin kwamfutoci ne da kamfani zai iya tallata musu hajarsa ta kuɗi, kuma miliyoyin idanu ne da za su riƙa kawo masa labari. A yi adalci, wani ɓangare na labarin nan yana da amfani. Idan sabuwar cuta ta ɓulla a wata kwamfuta a Legas da safe, rahoton da ya tafi kamfanin shi ne zai sa a tare ta kafin ta iso Garki da rana. Babu manhajar tsaro ta zamani da ke aiki ba ta aika komai. Inda gizo ke saƙar shi ne: me take aikawa, nawa take aikawa, kuma in ya isa can me ake yi da shi?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta kai mu ga labarin Avast, sunan da na tabbata da yawanku kuna ganinsa a kwamfutocinku.

Avast kamfani ne na birnin Prague a Jamhuriyar Cek, ya yi suna da rigakafin bairos na kyauta. A 2013 ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Jumpshot. A 2016 ya sayi abokin hamayyarsa AVG a kan dala biliyan 1.3. A watan Yulin 2017 kuma ya sayi Piriform na Landan, masu manhajar shara ta CCleaner. Ku lura, wanda ya guje wa Avast ya sa AVG, bai je ko'ina ba, gida ɗaya ya koma.

Wata biyu da sayen CCleaner, a Satumbar 2017, aka gano cewa masu kutse sun cusa mugun abu a cikin zubi na 5.33 na manhajar, kuma kimanin mutum miliyan 2.27 sun sauke ta, daga shafin kamfanin na gaskiya, da sa hannun kamfanin na gaskiya. Bincike ya nuna ɓarayin sun shiga Piriform tun kafin a yi cinikin, don haka ba a ce Avast ne ya kawo su ba. Amma abin da ya faru shekarar da ta biyo baya, wannan kam na sabon mai gida ne. A 2018 zubi na 5.45 ya fito da tsarin sa ido da aika bayanan amfani wanda mutum ba ya iya kashe shi cikin sauƙi. Ka kashe, ka sake kunna kwamfuta, ya dawo. Sai da jama'a suka yi ca, sannan kamfanin ya janye zubin.

Babbar ta fashe ne a Janairun 2020, lokacin da kafofin Motherboard da PCMag suka fallasa cewa bayanan yawon intanet da manhajojin Avast ke tattarawa ana miƙa su ga Jumpshot, shi kuma yana sayar wa manyan kamfanoni. Kwanaki kaɗan bayan fallasar aka rufe Jumpshot. A Fabrairun 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sanar da tarar dala miliyan 16.5 a kan Avast, ta kuma haramta masa sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Hukumar ta ce daga 2014 zuwa 2020 an sayar wa kamfanoni sama da 100, kuma bayanan suna iya nuna addinin mutum, da ciwon da ke damunsa, da ra'ayinsa na siyasa, da halin aljihunsa. Abin takaicin shi ne, an tallata manhajar ne da cewa za ta kare ka daga masu bin diddiginka. Kamfanin bai amsa zargin ba, amma ya yarda ya biya. Hukumar kare bayanai ta ƙasar Cek ita ma ta ci shi tarar da ta kai kimanin yuro miliyan 13.9 a shekarar.

Kullum amsar kamfanoni ita ce, "Mun cire sunaye." Ku saurari yadda cire sunan yake. An cire sunanka, amma an bar wata lamba da ke tsaye a madadinka, an bar lokaci har daƙiƙa, an bar adireshin kowane shafi. To mai wannan lamba ya duba taswirar wata unguwa a Lugbe da asuba, ya buɗe shafin wata ma'aikata a Sakatariyar Tarayya da hantsi, ya sayi takalmi a wani shagon intanet da ƙarfe biyu da minti bakwai. Shagon nan ya san wanda ya sayi takalmi a wannan minti, da sunansa da lambar wayarsa. In ya sayi bayanan nan ya haɗa biyu da biyu, ya gano mai lambar, kuma daga nan duk sauran abin da mai lambar ya bincika da tsakar dare ya zama nasa. Ina amfanin cire sunan?

Shi ma Trend Micro ɗin da muka ambata, a Satumbar 2018 kamfanin Apple ya cire wasu manhajojinsa daga kantinsa, irin su Dr. Cleaner da Dr. Antivirus, bayan an gano suna kwasar tarihin burauza. Kamfanin ya amsa cewa suna ɗaukar na awa 24 kafin a girka su, ya ba da haƙuri, ya cire tsarin.

Bari mu ɗan sha iska, mu dawo.

(Kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kamo mu yanzu, muna magana ne kan manhajojin binciken bairos na kyauta, da abin da ke faruwa da sirrinmu idan suka canja hannu.

Yanzu ina so ma'aikatan gwamnati da na bankuna da lauyoyi su matso kusa da rediyo, don Abuja garin takardu ne. Akwai wani shafi mai suna VirusTotal. Wani kamfanin ƙasar Sifaniya ne ya kafa shi, Google ya saye shi a 2012. Kyauta ne, kuma yana da amfani ƙwarai: ka ɗora fayil ɗin da kake shakka, injinan rigakafi sama da 70 su duba maka shi a lokaci guda. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fayil ɗin da ka ɗora ba ya dawowa. Yana zama a rumbunsu, kuma masu bincike da kamfanonin da ke biyan kuɗin shiga suna iya sauke shi su karanta. Ba a ɓoye wannan ba, yana rubuce a sharuɗɗansu, mu ne ba ma karantawa. To ka duba: an turo maka takardar kwangila, ko jerin albashin ma'aikata, ko wasiƙar sirri ta ofis, ka ji tsoron bairos, ka ɗora ta can don ka yi taka-tsantsan. Bairos kam babu, amma takardar ta fita daga hannunka har abada. Su kansu masu shafin abin bai bar su ba. A 2023 wani ma'aikacinsu ya yi kuskuren ɗora fayil mai ɗauke da sunaye da adireshin imel na abokan cinikinsu kimanin 5,600, sai da kamfanin ya fito ya nemi afuwa.

Wani lokaci ma ba sai an sayar da kamfani ba, ku ake miƙawa. A 2024, bayan gwamnatin Amurka ta haramta sayar da manhajar Kaspersky ta Rasha, masu amfani da ita a can sun wayi gari a watan Satumba sun tarar ta goge kanta, wata mai suna UltraAV ta zauna a gurbinta. Kamfanin ya ce ya aika da sanarwa, amma da yawa sun ce ba su gani ba.

To mu a nan gida, me doka ta ce?

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirri a gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, kuma a shekarar ce ta buɗe bincike kan manhajar Truecaller. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC a nan Abuja, ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji. Dokar ta ce bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a juya su zuwa wata manufar da ta saɓa mata. In ka ba da bayananka don a kare ka daga bairos, ba a ce a sayar wa mai talla ba. Ta ce shirunka ba yarda ba ne, kuma janye yarda dole ya zo da sauƙi kamar yadda bayar da ita ya zo. Kana da ikon tambayar kamfani abin da ya sani a kanka, kana da ikon cewa a goge. In an yi kutse mai haɗari ga mutane, kamfani yana da awa 72 ya sanar da hukumar. Kuma dokar ta hau kan kamfanin da ke ƙasar waje, muddin bayanan mutanen da ke Najeriya yake sarrafawa.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A Yulin 2025 hukumar NDPC ta sanar da tarar sama da naira miliyan 766 a kan kamfanin MultiChoice, kuma cikin dalilan da ta bayar har da fitar da bayanan 'yan Najeriya zuwa ƙetare ba bisa ƙa'ida ba. Tun a 2021 ma NITDA ta ci kamfanin bashi na Soko tarar naira miliyan 10, kan irin saƙonnin tozarcin nan da ake aika wa mutanen da ke cikin wayar wanda ya ci bashi. Wanda irin saƙon nan ya taɓa shigo masa ba sai an yi masa dogon bayani kan haɗarin latsa "na yarda" ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, kada dokar ta sa mu miƙe ƙafa. MultiChoice yana da ofis a nan, ana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kamfanin da ke Prague ko Tokyo, wanda ba shi da ko teburi a Abuja, kamo shi sai an sha wuya. Tarar dala miliyan 16.5 da aka ci Avast, Amurka ce ta ci domin mutanenta. Mai shagon buga takardu a Karu da ya yi shekaru da manhajar nan a kwamfutarsa, ba dominsa aka zauna ba. Saboda haka kariyar farko a hannunka take.

Yau in ka koma gida, buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutarka da wayarka. Duk wadda ba ka san aikinta ba, ko ka sa ta don gyaran rana ɗaya ta zauna shekara uku, cire ta. Manhajar bincike ba sai ta kwana ba, ta gama aiki ta tafi. Wadda za ka bari, duba sunan kamfanin da ke jikinta, ka bincika a intanet ko ta canja hannu. Avast da AVG da Avira da Norton da CCleaner, duk sun taru ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna Gen Digital bayan haɗewar da aka kammala a 2022. Shiga saitinta, nemi wurin sirri, kashe duk abin da ya shafi raba bayanai don talla ko don abokan hulɗa. Idan saƙo ya faɗo cewa "mun sabunta sharuɗɗanmu", kada ka yi saurin latsawa, sau da yawa a nan ne ake sanar da kai cewa mai gida ya canja.

A ganina, mafi yawan masu Windows 10 da 11 ba su buƙatar tara rigakafi uku a kwamfuta ɗaya. Akwai Microsoft Defender da ya zo da ita. Shi ma yana aika samfurin fayil zuwa kamfaninsa, amma akwai wurin kashe wannan a saiti, kuma ba ka ƙara wani baƙo a kan wanda ke ciki ba. Su kuma manhajojin waya masu alkawarin sanyaya batir da ƙara sauri, in ka ga ɗaya tana neman izinin shiga lambobin mutanenka ko saƙonninka, tambayi kanka me ya haɗa shara da lambar surukarka. A 2020 Google ya kori manhajojin kamfanin Cheetah Mobile, masu Clean Master, daga kantinsa.

'Yan'uwana masu gyara a Banex da Emab da sauran kasuwanni, ku ne malaman mutane a wannan fanni, abin da kuka sa shi ake amfani da shi. Ku daina zuba wa kwastoma rigakafin da aka fasa makullinsa, don wanda ya fasa shi ba ku san abin da ya cusa a ciki ba. Ku gaya wa mutum abin da kuka sa masa da dalilin sa shi. In za ku tura rahoton kwamfutarsa ga wani gwani ya duba, ku goge sunansa da na ofishinsa tukuna. Ku kuma shugabannin ofisoshi, ku fitar da umarni a rubuce cewa ba a ɗora takardar aiki a shafin binciken bairos na kyauta, a kai wa sashen kwamfuta na ma'aikata.

Wanda kuma ya ga an yi amfani da bayanansa ba da yardarsa ba, ya fara rubuta wa kamfanin, ya ajiye kwafi da kwanan wata. In ba a saurare shi ba, ya kai ƙara hukumar NDPC, dokar 2023 ta ba shi wannan dama. Hukumar tana nan cikin garin nan, ku yi amfani da ita.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Ku turo mana tambayoyinku, musamman sunayen manhajojin da kuka tarar a na'urorinku ba ku san aikinsu ba, za mu duba su tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Taken rufewa)